Tunau Wanzami da Ƙafafun Baba Arzika

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena.

Kafin komai ina neman afuwa. Ni ba malama ba ce, ban kai in buɗe baki gaban manya ba, balle a ce ni ce da wa'azi. Ban taɓa rubuta labari ba sai wannan, shi ma sau huɗu ina yaga takardar ina sakewa. Na roƙi Malama ta karanta muku a madadina, don in ni ce zan karanta, muryata ba za ta fita ba. Inda na yi kuskure ku yafe mini, ƙuruciya ce. To, ku saurara.

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san mota ba, ana ce da shi Tunau. Wanzami ne. Wani bawan Allah ne da bai mallaki komai ba sai zabirarsa ta fata, da asake uku, da ƙaho, da ɗan dutsen wasa aska. Ba ya cikin masu faɗa a ji. In ana taro, can bakin tabarma yake zama, kusa da takalma. Amma kun san wanzami. Shi ake bari ya shiga har ƙuryar gida, shi ne kuma yake dafa kan da ko ɗan cikin mutum bai isa ya taɓa ba.

Cikin gidajen da yake yi wa aski akwai gidan Baba Arzika. Baba Arzika tsohon falke ne, shekara arba'in ya yi yana bin jakuna a ƙasa, ya kai kanwa kudu ya dawo da goro. Yanzu ya haura tamanin. Matarsa ta riga shi, idonsa ya fara yana, haƙoransa saura 'yan kaɗan, amma ƙafa tana nan daram. Salla biyar a masallaci yake yi. Da hantsi shi yake kai wa awakinsa harawa. Da la'asar yana gindin durumi da tsofaffi 'yan'uwansa, ana gardama a kan abin da ya wuce shekara hamsin.

Wanda yake riƙe da gidan shi ne babban ɗansa, Mamuda, attajirin fatu. Ɗan fari ne. Kun fi ni sanin yadda mutanen zamanin da suke yi da ɗan fari. Baba Arzika bai taɓa kiran sunan Mamuda ba. "Wancan" yake cewa, ko "mai gidan nan". Bai taɓa zama ya yi hira da shi ba. Shi kuma Mamuda kullum safiya sai ya zo bakin ƙofar uban ya tsuguna, kai a sunkuye, ya yi gaisuwa. Uban ya kau da fuska ya ce, "Lafiya." Shi ke nan. Ba ƙiyayya ba ce, wallahi ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, kuma a wurinsu ita ce ƙauna.

Wata safiya da damina, an kwana ana ruwa, Baba Arzika zai fito da buta a hannu, sai ƙafarsa ta harɗe da dokin ƙofa, wannan ɗan tudun da ake ginawa a bakin ɗaki don tare ruwa. Idon bai gani ba. Ya faɗi ta gefen hagu. Aka yi salati, aka ruga aka kirawo maɗori. Maɗori ya lalluba ƙugu, ya lalluba cinya, ya ce, "Babu karaya, buguwa ce. A gasa masa da ruwan zafi, ya huta kwana uku, sannan ya tashi."

Amma gida ya riga ya cika da 'yan dubiya, kuma daga bayan taro wata magana ta fito har ta shiga kunnen Mamuda: "Mai dukiya kamar wannan, a ce ubansa ne ke ɗaukar buta da kansa?"

Maganar ta soke shi. Ya miƙe a tsakar gida, gaban Liman da maƙwabta, ya ce, "Na rantse da Allah, muddin ina numfashi, ƙafar mahaifina ba za ta sake taka ƙasa ba. Ya yi tafiyar da ta ishe shi. Yanzu lokacin hutunsa ne."

Jama'a suka ce, "Allah Ya yi maka albarka! Ɗa ke nan!" Mata suka share hawaye. Daga cikin ɗaki tsoho yana ji. Me zai ce? Kuma wa zai ce wa?

Aka mayar da shi ɗakin ƙurya inda babu hayaniya. Aka yi masa shimfiɗa mai taushi, aka lulluɓe shi da gwado sabo fil. Aka ɗauke sandarsa aka kai turakar Mamuda. Awaki aka ba makiyayi. Abokansa na gindin durumi suka zo sau biyu, sau uku, ana ce musu yana barci, har suka daina zuwa. 'Yar tagar ɗakin aka toshe ta da tsumma saboda sanyi. Abinci kuwa kullum soyayyen nama, ga tsoho babu haƙorin tauna. Sai ya tsotsa ya ture, a ɗauke akushi a ce ya ƙoshi. Ruwa ma ya rage sha, don kunyar kaskon fitsarin da ƙanwarsa Gwaggo Shekara take fitarwa. Ita ma Gwaggon tsohuwa ce, ganinta bai fi nasa ba.

Ku lura da kyau, babu wanda ya tashi da niyyar cutar da shi. Kowa hidima yake yi. Kowa lada yake nema.

Tunau kuwa duk Juma'a da safe yake zuwa aski.

"Sarkin Aska," in ji tsoho, don haka yake tsokanarsa, "ka zo aske gawa?"

"Haba Baba, gawa da wannan bakin? Miƙo kan."

"Ka yi a hankali. Shi kaɗai ya rage mini da yake aiki."

Suka yi dariya. Juma'a ta biyu dariyar ta ragu. Ran Juma'a ta uku, Tunau zai gyara masa zama don ya kai aska ƙeya, sai gwadon ya zame. Askar ta tsaya cak a hannunsa.

Ƙafafun da suka ratsa dazuzzuka sun koma kamar karan dawa bayan girbi. Naman ƙwauri ya zube yana reto. Gwiwar hagu ta lanƙwashe, da Tunau ya kama zai miƙar da ita sai tsoho ya yi ƙara. A ƙugu kuma fata ta yi jawur, ta fara saluɓewa.

Tunau ya san wannan abin, a gidansa ya san shi. Shekara goma kafin nan mahaifiyarsa ta yi zazzaɓi, ya kwantar da ita, ya hana ta ko ɗaukar tsintsiya. Zazzaɓi ya tafi cikin mako guda, shi bai bari ta tashi ba. Kafin wata biyu ƙafafunta suka naɗe. Shekara uku ana juya ta kamar jaririya, har Allah Ya karɓi abinsa.

"Baba, yaushe rabonka da tsayuwa?"

"Tun ranar buta."

"Ka faɗa wa Maigida?"

Tsoho ya dube shi da idanunsa masu yana. "Kai ma dai, Tunau. Shekara hamsin da biyar ban haɗa ido da shi ba, sai yau in kira shi in ce zo ka ga cinyata? Kuma ya rantse, gaban jama'a. So kake in mai da shi maƙaryaci?"

"In aka ƙara wata guda a haka, Baba, ko an dawo maka da sanda ba za ta yi amfani ba."

"Na sani," in ji tsoho. "Ƙafata ce ai. Ina jin ta tana tafiya tana barina."

Tunau ya gama aski, ya fito zaure. Ya tarar da Mamuda zaune da abokan cinikinsa, ana duba fatu. Ya tsuguna.

"Ranka ya daɗe, ina da magana. Da dai a keɓe."

"Waɗannan 'yan'uwana ne. Faɗi, wanzam."

Tunau ya ce, "Hutun nan yana cinye Baba. A bar shi ya riƙa takawa, ko daga gado zuwa ƙofa ne. A buɗe masa taga. A dama masa kunu da fura, abin da zai iya haɗiyewa. A bar abokansa su shigo."

Wani daga cikin baƙin ya ƙyalƙyale da dariya. "Yau ga wanzami ya zama maɗori."

Mamuda bai yi dariya ba. "Shi ya aiko ka?"

"Bai aiko ni ba. Idona ne ya gani. Ka shiga ka ɗaga gwadon, ka gani da naka."

"In yaye wa mahaifina mayafi?" Mamuda ya miƙe tsaye. "Kana cikin hankalinka kuwa? Kullum safiya ina gaishe shi, kullum yana ce mini lafiya. Ka fi shi sanin jikinsa ne? In ya tashi ya sake faɗuwa, ƙugun ya karye, kai za ka ɗora? Na ga mahaifina kwance cikin taɓo sau ɗaya, ba zan sake gani ba. Aikinka kai ne. Daga wuya zuwa ƙasa ba ruwanka."

"Na ji," in ji Tunau. "Amma ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe. Duk ranar da Baba ya miƙo mini hannu, ba zan maƙale nawa ba."

"Ranar kuwa ita ce ranarka ta ƙarshe a gidan nan."

Ku saurara. Gidan Mamuda shi ne babban gida a unguwar. In ya sallami wanzami, duk unguwa ta sallame shi. Tunau ya san haka sarai, kuma yana da iyali.

Juma'a ta zagayo. Aka yi aski shiru, babu tsokana, babu dariya, sai ƙarar aska a kan fata. Tunau ya goge askarsa, ya mayar cikin zabira, ya rataya.

"Tunau."

"Na'am, Baba."

Hannun tsoho kawai ya fito daga ƙarƙashin gwado, ya tsaya a sama.

Tunau ya dubi ƙofa. Ya dubi zabirarsa. Ya sake duban hannun. Sannan ya sauke zabira, ya ce, "Bismillahi."

Ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin hammatar tsoho. Ƙafar dama ta sauko, ta taɓa daɓe.

"Sanyi," in ji Baba Arzika, yana dariya hawaye na zuba. "Ashe ƙasa sanyi gare ta."

Taki ɗaya. Numfashinsa kamar na wanda ya hau dutse. Taki biyu. A na uku gwiwar hagu ta saki. Suka tafi ƙasa tare. Tunau ya tare nauyin da jikinsa, amma goshin tsoho ya daki bakin gado, jini ya gangaro kan gira.

Daidai nan Gwaggo Shekara ta shigo da ƙwaryar fura. Abin da idonta ya iya gani shi ne mutum biyu a ƙasa, da zabirar asake, da jini. Ta saki ƙwarya.

"Wayyo Allah! Jama'a! Wanzami ya yanka Yaya!"

Kafin a iso ta lalubo gwado ta rufe shi ruf, don kada ɗansa ya ga tsiraicinsa. Aka ɗaga tsoho aka mayar gado. Mamuda ya iso a guje, amma ko a wannan hali, a bakin ƙofa ya tsaya.

Baba Arzika ya juya fuska bango, ya ce, "A gaya wa mai gidan nan, daga gado na zamo. Wanzami tare ni ya yi."

Duk ido ya koma kan Tunau.

"Haka ne?" in ji Mamuda.

Iyayena, ga ƙofa an buɗe masa. Kai kawai zai gyaɗa. Ba shi ya shirya ƙaryar ba, tsoho ne ya miƙa masa ita da hannunsa. In ya gyaɗa kai, aikinsa na nan, mutuncinsa na nan, har godiya za a yi masa. Amma in ya gyaɗa kai, babu wanda zai taɓa sanin cewa ƙafafun nan da sauran rai a jikinsu.

"Baba yana so ya rufa mini asiri ne," in ji Tunau. "Allah Ya saka masa. Amma ba haka aka yi ba. Ni na tashe shi. Kuma ya yi taki biyu da ƙafarsa, ranka ya daɗe. Taki biyu."

Marin da Mamuda ya kwaɗa masa har a zaure an ji. Aka ja shi waje, aka wurgo zabirarsa cikin taɓon ƙofar gida, ƙahon ya fashe. Tunau ya durƙusa ya tsince asakensa ɗaya bayan ɗaya, ya goge su da gefen rigarsa.

Kafin Asabar labari ya gama unguwa. Aka yi suna gida biyu, aka kirawo wani wanzami daga ƙetaren kasuwa. In Tunau ya wuce, sai a ce, "Ga mai kayar da tsofaffi nan." Matarsa ta ce masa, "Malam, ka je ka ba da haƙuri mana." Ya ce, "Zan ba da haƙurin goshin. Ban san yadda zan ba da haƙurin takin ba."

To, bayan ɗakin ƙuryar nan akwai wani lungu da kowa yake bi. Ran Lahadi da hantsi Tunau ya shiga lungun da kara a hannu, ya tura tsumman da ya toshe tagar ya faɗa ciki.

"Baba, Sarkin Aska ne. An tuɓe ni."

Can sai murya ta fito. "Me ya hana ka yin shiru ranar nan, kai wawa?"

"Bar wannan zancen. Motsa babban yatsanka na dama."

"Ya motsa."

"Na hagu."

"Yana shawara."

"A jira shi. To, lanƙwasa gwiwa, ka miƙe. Sau goma."

"Kai ka zo ka yi, ɗan nema! Da zafi!"

"Saura tara, Baba. In ka gama ka sha ruwa, moɗa guda, ina ji daga nan."

Haka kullum hantsi. Ya sa shi ya juya wannan gefe, ya juya wancan. Ya ba shi labarin gindin durumi, wa ya ƙaryata wa, akuyar wa ta haihu. Masu wucewa suka riƙa ganin mutum tsaye yana magana da bango, suka ce abin nasa ya zama taɓin hankali. Kwana tara ana haka. Ran na goma muryar tsoho ta yi ƙasa. Ran na sha ɗaya babu zagi, babu tsokana.

"Ka daina zuwa, Tunau. Ta hagun ta daina jin maganata."

"Baba, gwada sau ɗaya."

"Na ce ka daina zuwa."

A ranar ce kuma maganar taga ta kai kunnen Mamuda. Ya tafi wurin Liman ya ce a raba shi da wanzamin nan, a tashe shi daga unguwar gaba ɗaya. Liman tsoho ne, sa'an Baba Arzika, tare suka yi ƙuruciya. Ya ce a haɗu a zauren Mamuda bayan la'asar.

Zaure ya cika. Tunau yana can wajen takalma.

"Tunau," in ji Liman, "an ce ka kayar da tsoho, an kore ka, ka koma kana damunsa ta taga. Haka ne?"

"Haka ne, Allah gafarta Malam."

"Ba ka musu?"

"Ba na musu."

"To me kake nema a gidan mutane?"

"Abu ɗaya. In an yi shi, yau ɗin nan zan ɗaure kayana in bar unguwar, ba sai an tashe ni ba. A shiga, a ɗaga gwadon, Maigida ya duba."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Mamuda ya ce, "Kun ji ko? Rashin kunyar da ya faɗa mini ke nan tun farko."

Liman ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Mamuda, yaushe rabonka da ganin mahaifinka?"

"Yau da safe, Malam."

"Ban ce gaisuwa ba. Gani na ce."

Liman ya miƙe ya ce a je a duba.

Su uku suka shiga cikin gida, Liman a gaba. Tunau ya tsaya a bakin ƙofa, tunda an hana shi ɗakin. Abin da ya fara tarar su wari ne, warin miki da na ɗakin da ba ya shan iska. Mamuda ya ƙetare dokin ƙofa ya shiga ɗakin ubansa, abin da bai yi ba tun yana yaro. Tsoho na kwance, fuska a bango, yatsunsa sun damƙe bakin gwado.

"Arzika," in ji Liman, "ni ne. Ga ɗanka nan tsaye. Ba za a taɓa mayafinka ba sai ka yarda."

Shiru.

"Arzika, ka ji ni?"

Yatsun suka ƙara damƙewa. Tunau ya sunkuyar da kai, don ya san in tsohon nan ya ce a'a, magana ta ƙare. Shi zai bar unguwa, tagar za a sake toshe ta, ƙafafun kuma sun tafi ke nan. Kunyar shekara hamsin da biyar ce a cikin yatsun nan, ba ƙaramin abu ba ne a ce su saki.

Sai hannun ya motsa. Da kansa ya ja gwadon, a hankali, a hankali, har ya faɗi ƙasa.

Mamuda ya duba. Ya ga ƙwaurin. Ya ga gwiwar da ta naɗe. Ya ga mikin ƙugu, faɗinsa kamar tafin hannu. Ya zube a gaban gadon.

"Baba," ya ce, "kullum ce mini kake yi lafiya."

Tsoho ya juyo da fuskarsa daga bango.

"Mamuda."

Liman ya daina jan carbi. Gwaggo Shekara da ke laɓe a waje ta toshe baki da gyale. Tunda aka raɗa sunan nan, bai taɓa fitowa daga wannan bakin ba.

"Mamuda, me zan ce maka? Don ka kyauta mini ka yi, na sani. Amma ni ban ce na gaji ba. Ban gaji ba, Mamuda. Ba ni sandata."

Mamuda yana kuka kamar yaro. Ya juya wajen Liman. "Rantsuwata fa, Malam? Gabanka na yi ta."

"Gabana ka yi, ni ma har da ni a masu sa maka albarka, Allah Ya yafe mana. Ka karya ta, ka ciyar da miskinai goma. Rantsuwar da za ta naƙasa mahaifi ba abar riƙewa ba ce."

Aka kawo sanda. Mamuda ya tsaya da ita a hannu, ya rasa yadda zai yi, don bai taɓa taɓa jikin ubansa ba. Ya waiga bakin ƙofa, wajen mutumin da ya mara.

"Wanzam... Malam Tunau. Ta ina ake kamawa?"

"Sa kafaɗarka nan, ta hagu," in ji Tunau. "A'a, kada ka ɗauke shi, ranka ya daɗe. Tare shi kawai. Ka bar shi ya ɗauki kansa."

Na so in rubuta muku cewa Baba Arzika ya miƙe garau, an kuma ba Tunau riga da gona. Amma ina jin tsoron in yi muku ƙarya, ko a cikin labari. Gwiwar hagu ba ta sake miƙewa sosai ba, an makara. Mikin ƙugu sai da ya ci wata biyu. Wata huɗu aka yi kafin tsoho ya kai zaure, kuma bai sake zuwa masallaci shi kaɗai ba, sai da kafaɗar ɗansa. Amma ya ƙara shekara shida a duniya yana kai kansa bayi, yana zama a ƙofar gida yana ƙaryata abokansa. Tunau kuwa ya koma askinsa, a wajen takalma ya ci gaba da zama, kuma har ya bar duniya ba a taɓa jin ya ambaci marin nan ba.

To, iyayena, ga abin da nake so in ce, ku gafarce ni. Hana tsoho motsi ba jinƙai ba ne. Tsufa kaɗai ba ya naƙasa mutum da sauri haka. Zama ne, da kaɗaici, da yunwar da ba a lura da ita ba, da tsoron faɗuwa, namu da nasu. Kuma bawan Allah na gaskiya shi ne wanda zai faɗi abin da idonsa ya gani, ko da za a mare shi a kai.

Mu yanzu ba mu da dokin ƙofa sosai, amma muna da tayil mai santsi da banɗaki marar abin dafawa. Muna da tsofaffin da idonsu ya yi yana, aikin da asibiti ke yi a yini guda, mun bar su suna lalube shekara da shekaru. Muna da masu hawan jini da ba a auna su sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Hajiya ta ɗauki tsintsiya mu fizge, mu ce, "Huta, Hajiya, me za a ce da mu?" Ta ce za ta je barka maƙwabta, mu ce, "Zauna, za a je miki." Mu kunna mata talabijin mu ja ƙofa. Me za a ce da mu, shi muke tsoro, ba abin da zai same ta ba. In ciwo ne na gaske, karaya ko shanyewar jiki, a kai asibiti a bi abin da likita ya ce. Amma in tana iya takawa, ku gyara mata hanya, ku kunna fitila, ku ba ta kafaɗa, ku bar ta ta taka.

Yau in kun koma gida, kada ku tsaya a bakin ƙofa. "Lafiya" ba amsa ba ce, al'ada ce. Ku shiga, ku zauna a bakin gado, ku duba abin da ya rage a kwano, ku nemi izini ku duba ƙafafun.

Ni ma da nake wannan dogon surutu, akwai wani ɗaki a gidanmu da na daɗe ina gaisuwa daga bakin ƙofarsa, littafi a hannu, ina sauri. Can zan tafi yanzu. In Malama ta kawo wannan layin, na riga na ɗauki takalmina a hannu na bi ta bayan masu zama a ƙarshen tabarma. Don Allah kada ku waiga. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya ba mu idon ganinsu.